Sawu a Ɗakin Marigayiya

Ranar da aka buɗe ɗakin marigayiya, wata goma sha huɗu bayan rasuwarta, aka tarar an yi wa kayan saƙarta ɓarna. Babbar 'yarta, wadda kowa ke kira Nas saboda aikinta na asibiti, ita ta karɓi makulli a hannun mahaifinta, ta shiga don ta kwashi rigunan sanyin da uwar ta ce a ba ta. Ta janyo aljihun sif na sama, ta ɗaga suwaita ɗaya, sai ta hango bango ta cikinta. Ta ɗaga ta biyu, hannun rigar ya rabu da jikinta ya zauna a aljihun. Suwaita bakwai da mayafi biyu, babu wanda ya tsira. Kafet ɗin ulu da ke tsakar ɗakin ma an aske shi wuri-wuri har zaren ƙasa ya fito.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila an ce ɓera ne an wuce. Amma a aljihun ƙasa akwai kayan da marigayiya ta saƙa wa matar autanta, kuma waɗannan ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Kafin rana ta faɗi duk layin ya gama shari'a. Matar Auta tela ce, almakashi ba ya rabuwa da hannunta. Auta kuwa batirin mota yake gyarawa, kuma kowa ya san abin da ruwan batir ke yi wa tufafi. Makullin ɗakin biyu ne, ɗaya a wajen maigidan, ɗaya an ce yana wajen Iya mai aiki, wadda ta shekara goma sha tara a gidan. Washegari aka ga hannayen Iya sun yi ja, sun feso ƙuraje har gwiwar hannu. Nas ta duba ta ce wannan ƙunar magani ce, a ranar kuma ta sallame ta. Auta ya ce shi ma ƙarshen wata zai kwashe iyalinsa, tunda an mai da matarsa abin nunawa da baki.

Sai a kwana na huɗu Nas ta kira kawunta.

*

Kawu yayan marigayiya ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana bin sawu a gandun daji: masu farautar sata, shanun da suka ɓalle, sau biyu ma mutanen da suka ɓata hanya. Tun da ya ajiye aiki ba abin da yake bi sai inuwar ƙofar gidansa, da safe tana nan, da yamma tana can. Ya saurari Nas a waya har ta gama kuka da bayani. Ya jira ya ji ransa ya ɓaci, bai ɓaci ba. Haka yake tun ranar da aka binne ƙanwarsa. Ana gaya masa abu ya ji, ya kuma gane, amma abin sai ya tsaya daga waje, ba ya shigowa. Ya ce mata kada a sake taɓa komai a ɗakin, zai zo da safe.

Mai shagon bakin layi ne ya fara tare shi, yana dariya yana tambaya ko yanzu almakashi ma yana barin sawu. Bai jira an tambaye shi ba ya fara ba da shaida. Ya ce da idonsa ya ga matar Auta ta fita da ƙatuwar leda wancan watan, tana sauri. Ya kuma ga Auta ya shigo da galan daga gareji. Kawu ya tambaye shi me ke cikin ledar, ya ce bai gani ba, amma ai fuska ba ta ƙarya. Kawu ya ce a ba shi ashana kwali ɗaya, ya sa a aljihu ya wuce.

*

Maigidan, tsohon ma'aikacin gidan waya, yana zaune a falo da rediyo a cinya, ba a kunne ba. Ya miƙe don ya gaida Kawu, yana jan ƙafar hagu kamar yadda yake yi tun faɗuwar da ya yi a banɗaki shekarun baya. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa.

Bayan gaisuwa Kawu ya tambaye shi yaushe rabonsa da ɗakin. Ya ce Asabar ɗin da ta wuce. Duk Asabar yana buɗewa, ya buɗe taga iska ta shiga, ya share, ya rufe. Sif ne dai ba ya taɓawa. Kawu ya ce to kafet ɗin fa, ai a fili yake. Ya ce idonsa ya yi rauni, abu sai ya zo kusa.

"Makullin Iya fa? Ta ce wani abu a kai?"

"Ta ce ta dawo mini da shi," in ji maigidan, yana murɗa kan rediyon. "Ni dai ban tuna ba, Yaya. Lokacin ba na cikin hayyacina."

Kawu bai ja maganar ba. Ya karɓi makulli ya ce zai shiga shi kaɗai.

*

Ɗakin yana ƙarshen baranda. Kafin ya buɗe ya tsaya ya dubi ƙasa, don bai iya shiga wuri bai dubi ƙasa ba. A daben siminti, taku biyu daga ƙofar, akwai tabo huɗu da suka yi santsi, irin wanda ƙafafun kujerar roba ke bari idan wuri ɗaya ake ajiye ta kullum.

Ya buɗe. Ga gadonta, ga keken guragun da ta yi watannin ƙarshe a kai, ga kwandon zare da ƙarafan saƙa a tsaye a ciki. Ya ɗan dakata ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa. Da bai motsa ba sai ya durƙusa, ya kunna tocila, ya kwantar da haskenta a ƙasa yadda kowane tudu zai yi inuwa.

Ƙura ta yi kauri a gefen da kafet bai kai ba. Tsakanin ƙofa da sif an tattaka ta: takalmin asibiti na Nas, ƙaramin silifas na Iya mai cinyayyen dunduniya, babban takalmin Auta mai maiƙo. Duk na yini ɗaya ne, bakinsu bai fara cikewa ba. Ya nemi sawun ƙafar da ake ja, bai samu ba. Daga sif zuwa taga kuwa babu wanda ya taka. Gizo-gizo ya ɗaure sakatar tagar da tsohuwar saƙa, a bakin tagar kuma wasu ƙananan ƙwari sun mutu sun bushe, zagayayyu, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, bayansu dabbare-dabbare da fari da ruwan ƙasa da baƙi. Ya juye ashanar a aljihunsa, ya share ƙwarin guda biyar ya zuba a kwalin. Ya san su, ya taɓa haɗuwa da su. Amma a daji ya koyi kada ya bi alama ɗaya, musamman idan an riga an kori mutum.

Ya ɗaga suwaitocin ɗaya bayan ɗaya. Hujin ba shi da tsari, wani babba wani ƙarami, bakinsa a cinye, launin bai sauya ba. Ƙyallen audugar da ta shimfiɗa a ƙasan aljihun lafiyarsa lau. Ya tsinki zare kaɗan daga aljihun sama, ya tsinki kaɗan daga na ƙasa, ya rufe ɗakin.

*

Ya iske Auta a gareji, kansa cikin gaban wata tsohuwar mota. Ya gaida kawunsa ba tare da ya kalle shi sosai ba, ya ce idan Yaya Nas ce ta turo shi, a gaya mata galan ɗin ruwan batir ne, bai musa ba. Batirin wutar gidan ya cika da shi, wutar da ita kanta take cajin waya da ita idan ta zo.

Kawu ya ce ya nuna masa wandon aikinsa. Auta ya yi tsaki ya janyo wani daga ƙusa. Ko'ina huji ne, bakin kowanne ya yi rawaya ya bushe, ana taɓawa yana marmashewa. Kawu ya tambaye shi idan aka zuba ruwan a aljihun da ke da ulu da auduga, wanne zai fara tafiya. Auta ya ce auduga mana, ita ce ba ta da wuya, shi ya sa ba ya sayen wando mai kyau.

"Ka shiga ɗakin bayan rasuwar?"

"Sau ɗaya, ranar da Yaya Nas ta buɗe ta yi ihu." Ya goge hannunsa da tsumma ya daɗe yana gogewa. "Na tambayi Baba makulli sau biyu, ya ce yana kula da shi. Ni ma, Kawu, gaskiya na ji sauƙi da ya hana."

Matarsa tana ɗakin baya na gidan, inda ta ajiye keken ɗinkinta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta ce ledar da mai shago ya gani kayan makarantar yaran mutane ne ta kai, kuma da ita ce ta yanka, da an ga layi miƙaƙƙe, don ko a cikin fushi hannunta ba ya karkacewa. Kawu ya tambaye ta me ya sa nata kayan suka bambanta. Ta ce ulu yana sa ta ƙaiƙayi. Surukarta ta yi ta tsokanarta da mai fatar jarirai, amma daga baya ta riƙa saya mata zaren roba daban, tana mita tana saƙawa.

Kawu ya fito da zaren biyu ya ƙyasta ashana. Na aljihun sama ya ƙone a hankali, ya yi warin gashi, ya zama gawayi mai murƙushewa. Na ƙasa ya narke ya dunƙule kamar ɗigon kwalta. Ta kalli wannan ta kalli wancan, ta ce ita dai yanzu ko an ba ta kayan ba ta so.

*

Iya tana can ƙarshen gari wajen 'yarta, a ɗaki ɗaya cikin gidan haya. Ta shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki, ta zauna nesa kaɗan. Ƙurajen sun fara bushewa. Ya ce ta miƙo hannayen, ta miƙo. A cikin damtse suke da tsintsiyar hannu, har da gefen wuya, amma tafin hannun da yatsun ba komai. Wanda ya zuba magani a yatsu yake ƙonewa.

Ta ce da Nas ta watsar da rigunan a ƙasa tana kuka, ita ce ta tattara su ta rungume, don ba ta iya ganin saƙar uwar ɗakinta a ƙasa. Ta daɗe riƙe da su. Da yamma ƙaiƙayi ya fara. Makulli kuwa, ranar da aka rufe ɗakin ta sa wa maigidan a tafin hannunsa. Sau uku ta ce ya bari ta shiga ta kakkaɓe, sau uku ya ce shi yake yi.

"Kin taɓa ganin yana shiga?"

Iya ta dubi ƙofar gida, inda wata maƙwabciya ke shanya. "Ina dai ganin yana ɗaukar kujera ranar Asabar."

"Me ya hana ki gaya wa Nas?"

"Ba ni ce zan faɗa ba, Kawu. Yana tsaye lokacin da take ce mini in haɗa kayana. Na kalle shi, shi kuma yana kallon rediyonsa."

Ta faɗi haka ba ɗaci a muryarta, kamar tana ba da labarin wata. Kawu ya gane irin muryar, don irinta yake ji a bakinsa. Ya roƙe ta ta zo gidan gobe da hantsi. Ta ce za ta zo, amma saboda mai ɗakin, ba saboda masu gidan ba.

*

Da hantsi ya tara su a ɗakin marigayiya. Nas ta tsaya jikin gado da kayan aikinta, daga asibiti ta biyo. Auta da matarsa suna gefen taga. Iya ta tsaya kusa da keken guragun, jakarta a hannu. Kawu ya aika aka kira mai shago, wanda ya rufe shagonsa ya zo da gudu, yana zaton shaida zai bayar. Maigidan ya tsaya a bakin ƙofa daga waje, ya ce ɗakin ya cika.

Kawu ya tambayi Nas yaushe aka sa sif ɗin nan a wurin. Ta ce shekara tara, kuma maza huɗu suka shigo da shi. Rabinsa a kan kafet yake zaune, gindinsa a rufe har ƙasa, ko wuƙa ba za ta shiga ba. Ya sa aka zare aljihunan, shi da Auta da mai shago suka kama, suka ja shi gefe da ƙyar, mai shago yana nishi yana cewa ba wannan aka gaya masa ba.

Kafet ɗin da ke ƙarƙashi babu ulu a kansa ko kaɗan. An cinye shi tas, saura zaren ƙasa kamar raga. A kai kuma akwai wani abu kamar dusa, ruwan ƙasa, ya taru jikin bango har ya yi tudu. Kawu ya haska tocila. Dusar ta motsa. Wasu gajerun tsutsotsi masu gashi, masu zane a gadon baya, suna gudun haske suna shiga tsagar gindin bango. Matar Auta ta ja da baya.

"Nan ya fi ko'ina lalacewa," in ji Kawu. "Wanda zai iya sa almakashi ko ruwan batir a nan bai motsa sif ba, ya faɗa mini yadda ake yi."

Kawu ya durƙusa. Ya ɗebi dusar a bayan kwalin ashana ya nuna wa Nas. Ba dusa ba ce, saɓar tsutsar ce, duk lokacin da ta ƙara girma sai ta tuɓe ta bar fatar. Ya buɗe kwalin ya nuna ƙwarin da ya share a bakin taga, ya ce waɗannan iyayen ne. Su ba sa cin kaya, furanni suke bi, shi ya sa suke mutuwa a jikin gilashi suna neman fita. Ƙwai kawai suke ajiyewa a wuri mai duhu, 'ya'yan ne ke ɓarnar. Ba asu ba ne, da asu ne da an ga yanarsa. Ya ce a ofishin gandun daji sun taɓa cinye musu fatun namun da aka ƙwace, ɗaki guda, aka yi ta zargin mai gadi. Abin da ya fito daga jikin dabba suke ci, ulu da gashi da fata da gashin tsuntsu. Auduga da roba ba ruwansu da su, shi ya sa aljihun ƙasa ya tsira. Gashin tsutsar kuma shi ke sa ƙuraje ga wanda ya rungumi kayan. Ya haska hujin iskar da ke saman taga, inda ciyayi da gashin tsuntsu suka leƙo. Sheƙa ce tsohuwa, ta nan suka sauko.

Nas ta kalli hannayen Iya, ta kawar da kai. Can ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, abin bai shiga kanta ba. Ɓarna irin wannan ai ba ta sati ɗaya ba ce. Kawu ya ce ta shekara ce, kuma ba sa yawa haka sai inda ba tsintsiya, ba haske, ba motsi.

"To ai Baba yana sharewa duk Asabar," in ji ta.

Kawu ya kashe tocilarsa. Ya riga ya yanke tun jiya cewa wannan ba shi zai faɗa ba. Ya tsaya yana kallon ƙasa, ba ya jin tausayi, ba ya jin fushi, jira kawai yake irin na bakin ramin dabba.

Maigidan ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli, ya miƙa shi cikin ɗakin ba tare da ƙafarsa ta tsallake dokin ƙofa ba. Na farko yana jikin ƙofar tun safe. Wannan na biyun ne.

"Ban taɓa shiga ba," ya ce. "Ina zuwa in zauna a nan, in ce yau zan buɗe, har rana ta yi. Iya ta ba ni wannan tun ranar. Na tuna."

Nas ta zauna a bakin gadon. Mai shago ya ce ya bar shago ba kowa, ya fita ta gefen maigidan a karkace.

"Baba, kana ji na kore ta," in ji Nas.

"Ina ji."



*

Aikin ya ci kwana uku. Kawu ya tsaya ya nuna musu, don ya ce idan aka bar ko kaɗan za su koma falo da sauran ɗakunan. Auta ya hau tsani ya zare sheƙar, ya toshe hujin da ragar waya, ya buga sakatar taga da guduma har ta saki. Nas ta aro injin zuƙe ƙura wajen wata abokiyar aikinta, ta bi gindin bango da tsagogin sif da ƙarƙashin gado sau uku, kowane sau ana kai sharar waje a ƙulle a leda. Zanin gado da labule da duk abin auduga Iya ta wanke da tafasasshen ruwa ta shanya a rana. Suwaita biyu da mayafi ɗaya ne kawai matar Auta ta ce za su gyaru. Tafasasshen ruwa zai tsuke su, don haka aka kakkaɓe su a waje, aka ƙulle a leda aka sa a firiza, Kawu ya ce sai sun yi sati biyu a ciki, daga nan a ajiye su a roba mai murfi. Sauran aka ƙone a bayan gida. Nas ta tsaya har suka cinye, warin gashi ya cika tsakar gidan, idonta a bushe.

Ta ba matar Auta haƙuri a gaban mijinta. Matar ta ce ba komai, ta kuma ce idan suwaitocin sun fito daga firiza za ta cike hujin da zaren da ya rage mai kyau. Amma Auta ya ce ya riga ya yi magana da mai gidan haya, ba zai janye ba.

Iya kuwa kullum da safe take zuwa, da yamma ta tafi, ba ta cin abincin gidan. Nas ta bi ta har wajen igiyar shanya ta roƙe ta ta dawo ɗakinta, tana kuka. Iya ta ce ta yafe, Allah ya yafe musu baki ɗaya, ta ce Nas ta miƙo mata maƙalan shanya.

Rana ta uku saura kafet. Kawu ya ce ba ya gyaruwa, fita zai yi. Auta ya tafi gareji, Nas tana asibiti, Kawu kuma bayansa ya riƙe tun ranar sif. Iya ta durƙusa ta naɗe shi ita kaɗai, ta ɗaure da igiya a wuri biyu. Maigidan yana tsaye a bakin ƙofa. Ya yi gyaran murya ya kira ta, ya fara cewa shekara goma sha tara ba kwana goma sha tara ba ce, shi bai san abin da ya same shi ba, ya san bai kyauta ba.

"Kama can ɓangaren, Maigida," in ji Iya. "Yana da nauyi."

Can ɓangaren yana jikin taga. Maigidan ya dubi Kawu. Ya tsallaka dokin ƙofar, ya ja ƙafarsa ya wuce gado, ya wuce kwandon zare bai kalle shi ba, ya sunkuya ya kama. Suka fita da shi a hankali, ita a gaba shi a baya, suna tsayawa yana hutawa, har bayan gida.

Da suka ajiye ta je famfo ta wanke hannunta har gwiwa, ta ɗauki jakarta, ta yi wa Kawu sai an jima, ta yi wa maigidan sai an jima, ta fita. Maigidan ya tambayi Kawu ko yana ganin gobe za ta zo. Kawu ya ce bai sani ba.

Daga baya, da zai tafi tasha, ya tsaya a ƙofar gida ya dubi ƙasa. An yi yayyafi da safe, yashin ya kama sawu sosai. Ƙaramin silifas ɗin ya fito daga ƙofa ya miƙe gefen titi, tazarar taku ɗaya ce ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba, ya wuce shago, ya wuce kwata. Kawu ya bi shi har bakin kwalta inda ya ƙare. Babu inda ta tsaya ta waiwaya.